Mesa a Bakin Fadama, Waya a Hannun Yaro

   

Yau zancenmu na maciji ne, kuma na san tun kafin in rufe baki wata ta ɗaga ƙafarta daga ƙasa ta ɗora kan gado. Ki yi haƙuri 'yar'uwa, ki sauko da ita, ki gyara zama. Abin da ya kawo zancen shi ne saƙon wata baiwar Allah daga yankin Miga. Ta ce ɗanta saurayi ya dawo daga fadama da yamma yana ta murna, ya miƙo mata wayarsa ya ce, "Inna, kalli abin da muka kama." Tana dubawa sai ta ga su huɗu sun jeru suna dariya, sun tallabi mesa, shi ɗin nata kuwa shi ne ya riƙe wajen kai. Ta ce daren nan ba ta runtsa ba. Da ta yi masa faɗa sai ya ce ai mesa ba ta da dafi, tsoron tsofaffi ne kawai. Tambayarta ita ce: gaskiyar yaron ce ko tata?

Amsar ita ce, yaron yana da rabin gaskiya, uwar tana da rabi, kuma rabin uwar shi ne mai tsirar da rai. Bari mu bi abin daki-daki, domin ke da kike cikin gida ke ce kike sanin shige da ficen yara, ke ce mai kula da akurki da turken awaki, ke ce mai jawo itace daga tsibi da safe.

Da farko, me ya sa macizai suka yi yawa a wajenmu? Kogin da ya ratsa ƙasar nan tamu daga Kano ya taso, inda kogin Kano da na Challawa suka haɗu. Ya biyo ta Wudil da Ringim, ya wuce ta gefenmu ya nufi Auyo da Hadejia, daga nan ya bazu cikin fadamun Hadejia da Nguru, ya haɗu da kogin Jama'are ya zama kogin Yobe, mai zubawa a Tafkin Chadi. An gina madatsar Tiga a 1974, aka gina ta Challawa a 1992. Tun daga nan tafiyar ruwan ta canja. Wuraren da a da sukan bushe ƙaf da rani suka koma ba sa rabuwa da ruwa, ciyawar kachalla ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa. To, duhuwar kachalla ga ruwa, ga ɓeraye da tsuntsaye masu bin shinkafa, ga kwaɗi, wannan ai gida ne da abinci a wuri ɗaya. Idan kuma ruwa ya yi ambaliya, kamar yadda muka gani a 2020 da 2022, ramukan macizai su ma cika suke yi. Tudun da mutum ya gudu ya hau, shi maciji yake nema. Shi ya sa kike jin labarinsu ya yawaita daga tsakiyar damina zuwa kaka.

Yanzu ita mesa. Ita ce maciji mafi girma a duk ƙasashen Afirka. Babba takan kai mita 3 zuwa 5, wato kamar tsawon mutum biyu ko uku a kwance, wadda ta ƙasaita sosai kuma nauyinta kan kai na buhun siminti, har ya fi. Jikinta sumul yake, da zane-zanen ruwan ƙasa da baƙi-baƙi, a kanta kuma akwai wani zane mai kama da tsinin mashi. Ta iya iyo ƙwarai, tana iya daɗewa cikin ruwa hancinta kawai a waje. Da rana takan ɓuya a ramin dabgi, ko tsohon suri, ko cikin duhuwa, da dare ta fito farauta. A leɓenta na sama akwai wasu 'yan ramuka da take jin ɗumin jikin dabba da su, don haka duhu ba ya hana ta gane inda kaza take kwance. Harshen da kike gani tana zarowa ba sara take yi da shi ba, ƙamshi da wari take ɗauka. Ba ta da kunne a waje irin namu, amma tana jin motsin ƙasa idan ana tafiya.

Gaskiya ne ba ta da dafi. Amma bakinta cike yake da haƙora masu tsini, sun lanƙwasa sun kalli maƙogwaro kamar ƙugiya. Da su take cafke abin da za ta ci, sannan ta nannaɗe shi ta matse. Da can ana cewa karairaya ƙasusuwa take yi, wasu su ce numfashi take toshewa. A 2015 masu bincike a Amurka suka gwada da wani maciji ɗan'uwanta mai irin wannan matsa, suka gano cewa jini ne yake daina zagayawa. Matsar takan hana jini kaiwa zuciya da ƙwaƙwalwa, cikin ɗan lokaci kaɗan dabbar ta suma. Ki riƙe wannan, domin shi ne amsar yaron da ya ɗora mesa a wuya. Jijiyoyin da suke kai jini ƙwaƙwalwa a wuya suke. Wanda aka shaƙe a nan ba ya samun bakin cewa a taimake shi.

Yadda take haɗiye abin da ya fi kanta girma kuwa, muƙamuƙinta na ƙasa kashi biyu ne, ba a haɗe suke da ƙashi ba, wata jijiya ce mai talewa ta riƙe su. Sai ta riƙa tura gefe ɗaya gaba, ta bi da ɗayan, har abin ya wuce. Abincinta ɓeraye ne da gafiya da zomo da tsuntsaye da guza, babba kuma takan ɗauki ɗan akuya ko ɗan rago. Idan ta ci ta ƙoshi tana iya yin makonni, har watanni, ba ta sake neman wani ba. A lokacin ne take nauyi ta kasa gudu, a lokacin ne kuma samari suka fi samunta su ce ga banza ta faɗi. Macen takan saka ƙwai daga 20 har zuwa kusan 100, ta nannaɗe su tana gadi wata biyu zuwa uku, ba ta ko cin abinci. Mesar da take kan ƙwai ba ta guduwa, kuma ba ta da wasa, kamar dai kaza mai 'yan tsaki.

Tana cin mutum? Wannan ita ce tambayar da kowa yake yi. Ba halinta ba ne. Mesa in ta ji motsin mutum, sulalewa take yi. Labaran da suka tabbata na haɗiye babban mutum daga ƙasar Indunusiya suka fi fitowa, inda suke da wata irin mesa da ta fi tamu tsawo. A 2017 an samu gawar wani manomi cikin mesa mai kusan mita 7 a tsibirin Sulawesi, a 2018 kuma aka samu ta wata mata da ta je duba lambunta. Tamu ba ta kai wannan ba, amma ƙaramin yaro ba ya fin ƙarfinta. A 2013 a ƙasar Kanada, wata mesa irin tamu ta Afirka da wani ya ajiye a gida ta kuɓuce da dare, ta kashe yara biyu 'yan'uwan juna, ɗan shekara 4 da ɗan shekara 6, suna barci. Ban faɗa miki don ki firgita ba. Na faɗa ne don kada a bar ƙananan yara su je bakin kachalla su kaɗai, ko da sassafe ko da almuru.

To, sai maganar hoto. A da wanda ya ga mesa labari yake kawowa, yanzu hoto yake kawowa, don kusan kowane saurayi da waya a aljihu. Ɗaukar hoton dabba ba laifi ba ne. Akwai waɗanda sana'arsu ke nan, kuma ko a nan ƙasarmu baƙi sukan zo dajin Baturiya, wanda aka sa cikin jerin muhimman fadamun duniya a 2008, don su ga tsuntsaye su ɗauki hotonsu. Amma ki lura da yadda masu sana'ar suke yi. Suna da kyamara mai dogon baki da take jawo abu daga nesa. Suna sa takalmi mai rufe ƙwauri. Ba sa shiga daji sai da ɗan gari wanda ya san wurin. Suna iya zama awa biyu shiru don hoto ɗaya. Wanda ya san aikinsa ba ya tsokanar dabba don ta yi masa abin kallo. Hotunan da kike gani a talabijin kamar an sa kyamara a bakin maciji, yawancinsu daga nesa aka ɗauka.

Yaranmu kuwa ba mesar suke son ɗauka ba, kansu suke son ɗauka tare da mesa, don a ce wane jarumi ne. Nan haɗarin yake. A 2018 a ƙasar Indiya, wani ma'aikacin gandun daji, wanda aikinsa ke nan, ya kama mesar da ta kashe akuya a wani ƙauye. Maimakon ya sa ta a buhu, sai ya rataya ta a wuya jama'a suna ɗaukarsa hoto. Nan take ta fara matse shi, da ƙyar abokan aikinsa suka ɓamɓare ta. Idan ma'aikaci ya sha da ƙyar, ina ga ɗan shekara goma sha biyar? Kada kuma yaro ya ce ai gardawa suna wasa da macizai a kasuwa. Gardi gadon sana'ar ya yi, ya san halin abin da yake riƙe, duk da haka su ma akan sare su, wasu har su rasa rai.

Ga abin da za ki gaya wa ɗanki, da lallashi ba da zagi ba, don saurayi in aka hana shi da tsawa ɓoyewa yake yi. Ki ce masa: in ka ga mesa, ka tsaya nesa, aƙalla ninki biyu na tsawonta. Ka jawo hoton da yatsunka a fuskar wayar, ba da ƙafarka ba. Kada ka juya mata baya don ka ɗauki fuskarka tare da ita. Kada ku zagaye ta, ku bar mata hanyar da za ta bi ta koma ruwa ko rami. Ba tsokana da sanda, ba jifa, ba jan wutsiya. In ta dunƙule ta ja wuyanta baya tana huci, gargaɗi take yi, ku ja da baya. Kafin ka ɗaga waya ka dubi inda ƙafarka take, domin mai kallon waya ba ya kallon ƙasa. Ka ɗauka sau ɗaya ka wuce. Hoton da aka ɗauka daga nesa, mesa tana kwance a wurinta, ya fi kyau kuma ya fi nuna wayon mai shi.

Wani abu kuma da ya shafe mu mu mata. Idan maciji ya shigo gida, kan ki ce me, samarin unguwa sun cika tsakar gida kowa da waya a sama. Hoton ba macijin kaɗai zai ɗauka ba, har da ke da ɗaurin ƙirji, da 'yan matanki, da ƙofar ɗakinki, gobe yana yawo a WhatsApp har Legas. Ku shige ɗaki da yara ku rufe, a bar manya biyu ko uku su shigo, sauran su tsaya a zaure.

Sannan ba duk hoton da aka turo miki ne gaskiya ba. Kin sha ganin hoton mesa kamar gungumen kuka, wai a garin kaza aka kashe ta. Dabara ce mai sauƙi. A rataye ta a sanda kusa da bakin waya, mutane su tsaya can baya, sai ta fito kamar ta ninka su. Ki gwada da kanki: ki sa yaro ya tsaya a bakin zaure, ki riƙe ludayi dab da wayar ki ɗauka, za ki ga ludayi ya fi yaron girma. Yanzu ma har kwamfuta tana ƙirƙiro hoto da bidiyon abin da bai taɓa faruwa ba. Kafin ki tura wa ƙawarki ki tayar mata da hankali, ki tambaya: wa ya gani da idonsa, a wane ƙauye, yaushe?

Yanzu ki ƙara kasa kunne, don nan ne zuciyar zancen. Babban maciji shi ne mai ban tsoro, amma ƙarami ne mai kisa. Wanda ya fi kashe mutane a arewacin Nijeriya shi ne kububuwa, wadda wasu suke kira gobe da nisa. Da ƙyar take wuce tsawon kamu ɗaya, launinta kamar ƙasa, takan kwanta cikin ciyawa, ko ƙarƙashin dami, ko tsibin itace. Dafinta yana hana jini daskarewa. Mutum zai ga kamar ya samu sauƙi, kwana ɗaya ko biyu sai jini ya fara fita ta dasashi, ta hanci, ta fitsari, ta tsohon miki. Ga mai ciki kuwa abin ya fi muni, don yana jawo zubar jini da ɓari.

Ta biyu ita ce kasa, kuma ita ce nake so ki koya wa yara bambancinta da 'yar mesa. Kasa gajeriya ce mai kauri, ba ta cika wuce mita ɗaya ba. Kanta faffaɗa ne, wuyanta siriri, jikinta kaushi gare shi ba sumul ba, wutsiyarta guntuwa. Mukan ce wane yana barcin kasa, to ba barci take yi ba, kwanton ɓauna ne. Ba ta gudu in ta ji tafiya, shi ya sa ake taka ta, kuma saranta kamar ƙiftawar ido yake. Dafinta yana kumbura ƙafa ya ruɓar da nama, har a kai ga yankewa. Yaron da aka gaya wa cewa mesa ba ta da dafi, ranar da ya ga kasa zai iya cewa 'yar mesa ce ya kai hannu. Don haka ƙa'idar gida ɗaya ce: ba a taɓa kowane maciji, babba ko ƙarami, mai rai ko matacce. Hausawa sun ce an kashe maciji ba a sare kansa ba. To, ko an sare kan, yana iya sara bayan wani lokaci.

Na uku kumurci ne mai fasa kai, mai bin akurki don ƙwai da 'yan tsaki. Akwai mai tofi a cikinsu, yana feso dafi ya samu ido daga nisan mita biyu ko fiye. Mai leƙa akurki da waya a hannu, fuskarsa ya kai masa. In dafin ya shiga ido, a yi ta zuba ruwa mai tsabta da yawa, ana buɗe idon, na tsawon lokaci, kada a murza, sannan a tafi asibiti.

Saran maciji ba ƙaramin abu ba ne a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce macizai suna saran mutum kimanin miliyan 5.4 a kowace shekara, tsakanin 81,000 zuwa 138,000 suna mutuwa, waɗanda suke nakasa kuma sun fi haka yawa. A 2017 ta sa shi cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, a 2019 ta fito da shirin rage mutuwa da nakasa da rabi kafin 2030. A nan gida akwai asibiti na musamman na saran maciji a Kaltungo ta Jihar Gombe, kuma likitoci a Jami'ar Bayero ta Kano, irin su Farfesa Abdulrazaq Habib, sun shafe shekaru suna bincike a kan wannan matsala. Akwai allurar kashe dafi mai suna EchiTAb da aka haɗa da dafin macizan ƙasar nan. Wato magani yana nan. Abin da ya fi cutar da mu shi ne jinkiri.

Idan tsautsayi ya faɗa, Allah ya kiyaye, ga abin yi. A janye mutum daga inda macijin yake. A kwantar masa da hankali, kada ya yi gudu, don gudu yana yaɗa dafi. A cire zobe da awarwaro da agogo da duk abin da zai matse in wurin ya kumbura. A ɗora hannun ko ƙafar a kan kara ko katako a ɗaure sako-sako yadda ba za ta motsa ba, kamar ɗorin karaya. A ɗauke shi a kai asibiti nan take, ko da ya ce ba ya jin komai. In yana amai a kwantar da shi a gefen hagunsa.

Ga kuma abin bari. Kada a ɗaure da igiya ko roba tamau, don yana kashe ƙafa. Kada a tsaga wurin da reza, domin in kububuwa ce jinin ba zai tsaya ba. Kada a tsotsa da baki. Baƙin dutsen da ake liƙawa ba ya zuƙe dafi. Kada a ba shi asfirin ko irin magungunan ciwon jikin da ake saye a kemis, suna ƙara zubar jini, farasitamol kaɗai ya halatta. Za ki ce ai wane an yi masa na gida ya warke. Gaskiya ne, amma sau da yawa maciji yakan yi sara bai zuba dafi ba, wani kuma ba mai dafi ba ne tun asali. Irin waɗannan ko ba a yi musu komai ba za su tashi. Wanda dafin ya shiga jininsa, allura ce maganinsa. A yi addu'a ana tafe a hanyar asibiti.

A nan ne hoto yake da rana. Likita yana son sanin irin macijin. A da sai a ɓata lokaci ana neman a kashe shi a tafi da shi, garin haka ya sari mutum na biyu. Yanzu in macijin yana nan a fili, wani ya tsaya nesa ya ɗauki hoto ɗaya, ya isa. In ya ɓace, a rabu da shi, kada a tono shi. Likita yana da wata hanyar: zai ɗebi jini kaɗan ya zuba a kwalba mai tsabta ya ajiye minti 20. In bai daskare ba, ya san dafin yana aiki.

In mesa ce ta yi cizo, kada a fizge, haƙoran za su yage nama. A riƙe kanta a buɗe bakin, a zare ta yadda haƙoran suka shiga. In ta nannaɗe mutum, a taru a kwance ta daga wutsiya, a fara da abin da yake wuya ko ƙirji. A wanke ciwon da ruwa da sabulu sosai, a je asibiti, don bakinta akwai ƙwayoyin cuta, kuma ana buƙatar allurar tetanus, irin wadda ake yi mana a wajen awo.

'Yar'uwa, akwai maganar da nake so ki yi da maigida yau da dare, bayan ya ci tuwo ya huta. Yawancin lokaci yana gona ko kasuwa, wani ma ya tafi ci-rani, ke ce a gida da yara. Ki nemi izininsa tun yanzu, cewa in maciji ya sari yaro, ko ke, ko abokiyar zamanki, za ku fita asibiti ba sai an jira shi ba. Ku tsayar da wanda za a kira cikin 'yan'uwansa ko maƙwabta. A ajiye lambar mai babur ko mai mota a wayarki. A tambaya tun kafin buƙata ta taso, wane asibiti ne mafi kusa da yake ajiye allurar dafi. A ware ɗan wani abu, ko daga adashi ne, don kuɗin hanya. Ba namijin kirkin da zai so ya dawo ya tarar an zauna jiransa dafi yana bin jinin ɗansa.

Rigakafi kuwa a hannunki yake. Maciji ɓera yake bi, ɓera kuma hatsi yake bi. Ki rufe hatsi, ki share ragowar abinci, ki toshe ramuka da tsagar katanga. Tsibin itace da kara da harawa a nisanta su da ɗakin kwana, a ɗora su kan wani abu. Kafin ki sa hannu ki buga da sanda. Damin da aka kawo daga gona a sauke shi a fili a kakkaɓe. Akurki ya yi nesa da ɗaki, a rufe kafofinsa da ragar waya mai ƙananan ido, 'yan awaki su kwana a rufe. A nome ciyawar bayan gida. Yara su kwana kan gado cikin gidan sauro, a cusa gefensa ƙarƙashin katifa ko tabarma. Ba a zuwa makewayi da dare sai da tocila da takalmi. In kin ga saɓar maciji a wani lungu, mai ita yana kusa, ki gaya wa maigida. Kada ki dogara da yayyafa kalanzir ko ajiye tafarnuwa.

In kin yi kiciɓis da shi a tsakar gida ko madafa, ki tsaya, ki ja da baya a hankali, ki kwashe yara, ki bar masa hanya, ki aika a kira manya. Ba aikinki ba ne ki kai masa taɓarya. Wadda take can cikin fadama kuma ba ta shigo wa kowa ba, a bar ta. Tana rage ɓerayen da suke cin shinkafarmu, kuma saboda yawan kashe ta don fata, akwai yarjejeniyar ƙasashen duniya da ta sa ido kan cinikinta. An ce Bayajidda ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu a Daura ne don ta hana mutane ruwa. Wadda ba ta tare wa kowa hanya ba, ba jarumta a taɓa ta.

Ga baiwar Allahn da ta aiko da tambaya, ki kira ɗan naki ki ce ya sake nuna miki hoton. Ki yaba masa ƙarfin zuciyarsa, sannan ki nuna masa inda hannunsa yake da inda wuyansa yake, ki gaya masa labarin mutumin Indiya. Ki ce in ya sake ganin mesa kina son hoto, amma wanda ba shi a ciki.

Nan za mu dakata. Allah ya tsare mu da zuri'armu daga sharrin abin da yake ja da ciki, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.